Daidai Dabba, Daidai Harsashi: Jan Hankali Ga Masu Niyyar Shiga Daji

Duk shekara in watan Disamba ya kama, ruwan sama ya ɗauke, ƙura ta fara kwanciya a kan kwanukan gidajenmu na Nkomkana da Briketeri, akwai wata gardama da ba ta fashi a majalisunmu. Ko a wurin mai shayi bayan sallar isha'i, ko a bakin tukubar masu tsire, sai ka ji an ɗauko zancen farauta. Wannan ya ce shi dai a ba shi kalibar duz, ta ishe shi daga zabo har ɓauna. Wancan ya ce ƙarya ne, bindigar da ba ta girgiza kafaɗa ba ai sandar kiwo ce. Wani kuma ya zaro mujallar Turawa daga aljihu, yana nuna hoton bindigar da aka ce babu kamarta wajen harbin barewar Amurka.

Da wasa ake yin gardamar, amma maganar ba ta wasa ba ce. Cikin masu yin ta akwai waɗanda ke da gonaki a hanyar Obala da Ntui, akwai direbobi da 'yan kasuwa masu zuwa Yoko da Tibati, akwai kuma masu hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundare su wuce Garwa ganin gida, kuma wasunsu suna da bindiga ko suna tara kuɗin saye. Wanda ya zaɓi harsashin da bai dace da dabba ba, abubuwa uku ne ke jiransa: ko ya faɗa hannun hukuma, ko ya ciyar da iyalinsa mushe, ko kuma a ɗauko shi daga daji a kan makara. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu warware zancen dalla-dalla.

Gadonmu ne

Farauta ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushen Kamaru. Kakanninmu da suka gangaro kudu ta Banyo da Tibati da Yoko tun kafin zuwan Jamus da kuma a zamaninsu, hauren giwa na cikin manyan hajojin da suka fito nema, tare da goro da danƙo, kuma a cikin ayarinsu akwai maharba. Maharban nan sun san bambancin makami da makami. Kibiyar da za a harbi gada da ita dabam, sangon da ake shafa wa dafi a ɗura a bakin bindiga domin giwa shi ma dabam. Ba su san milimita ba, amma sun san ba a tarar kowace dabba da ƙarfe iri ɗaya. Abin da ya sauya a yau shi ne ilmin ya koma lambobi, lambobin kuma da baƙin Turawa aka rubuta su.

Wani abin lura kuma, barewar da mujallun Turai da Amurka ke magana a kanta, mai ƙaho kamar reshen itace, babu ita a dazukan ƙasar nan. Abin da maƙwabtanmu ke kira "bish" da Faransanci, gada ce ko mazo ko danginsu. Saboda haka shawarar da aka rubuta domin maharbin Amurka sai an tace ta kafin ta yi mana amfani.

Me lambobin ke nufi?

Bindigogin farauta iri biyu ne. Akwai mai santsin ciki, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi ɗaya, kamar Simplex ta Faransa da Baikal ta Rasha waɗanda suka cika ƙauyukanmu. Akwai kuma karabin, wadda aka yi wa zane a murɗe cikin bututunta domin ƙwaya ɗaya tak ta fita tana juyawa, ta tafi nesa ba ta kauce ba.

Lambar mai santsin ciki tana rikita mutane. In an ce kalibar 12, ba milimita 12 ake nufi ba. Asalin lissafin na Ingilishi ne: a ɗauki dalma mai nauyin laba ɗaya, watau wajen giram 454, a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, to faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar, kimanin milimita 18 da rabi. Don haka 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 kuma ta fi 16 ƙanƙanta. Yawan lamba, ƙanƙantar baki.

Ita kuwa karabin, lambarta faɗin harsashin ce kai tsaye. Ingila da Amurka suna aunawa da inci, shi ya sa ake ganin ɗigo a gaban lambar, kamar .22 ko .308 ko .375. Jamus da sauran Turai suna aunawa da milimita, kuma sukan haɗa da tsawon kwanson. Alal misali 9.3x62 na nufin faɗin ƙwaya milimita 9.3, tsawon kwanso milimita 62. In aka juya inci zuwa milimita, .22 ta kama 5.6, .243 ta ɗan haura 6, .270 ta kama wajen 7, .308 da .30-06 sun kusa 8, .375 kuma 9.5.

Sai dai faɗi kaɗai ba ya gaya maka ƙarfi. Dole a dubi nauyin ƙwayar da yawan albarushin da ke tura ta. Ƙwayar ƙaramar .22 ba ta kai giram 3 ba. Ta .308 tana tsakanin giram 10 da 12. Ta .375 ta haura giram 19, kuma ƙarfin dukanta ya ninka na ƙaramar .22 fiye da sau 30.

Abin da hukuma ta shimfiɗa

Mutane da yawa ba su san cewa gwamnati ta riga ta shiga wannan gardama ba. Dokar daji da namun daji ta ranar 20 ga Janairu 1994 ta ba hukuma ikon ƙayyade irin bindigar da za a harbi kowace dabba da ita, sa'an nan umurnin firayim minista na ranar 20 ga Yuli 1995 ya raba takardar izinin farauta gida uku bisa ga faɗin harsashi. Ƙaramar farauta ta masu bindiga mai santsin ciki ce, ko karabin da ba ta kai milimita 6 ba. Matsakaiciyar farauta ta masu karabin ce daga milimita 6 zuwa 9. Babbar farauta kuma sai mai karabin da ta haura milimita 9.

Haka kuma an raba dabbobin kansu aji uku, A da B da C. Ajin A su ne waɗanda aka hana taɓawa ƙwata-ƙwata, irin su zaki da damisa da raƙumin dawa da goggon birin kurmi da ɗan kunya. Abin da zai ba masu karatu mamaki, barewarmu mai jan goshi ta wajen Waza ita ma tana cikinsu. Watau tambayar "wace bindiga ta fi dacewa da barewa" amsarta a Kamaru ita ce babu. Ajin B, irin su ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gwambaza da mazo, sai da takardar izini da biyan kuɗin kai na kowace dabba. Ajin C su ne sauran ƙananan dabbobi.

A ƙarƙashin dokar 1994, wanda ya kashe dabbar da aka hana yana iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10. A ranar 24 ga Yuli 2024 aka sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbinta, kuma ta ƙara tsananta hukuncin ƙwarai. Don haka kafin kowa ya biya kuɗin bindiga ko na takarda, ya taka ya je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji ya ji yadda ƙa'ida take a bana. Rigakafi ya fi magani.

A kuma tuna, takardar farauta dabam, takardar riƙe bindiga dabam. Ta biyun tana ƙarƙashin dokar makamai ta ranar 14 ga Disamba 2016, kuma daga ma'aikatar mulkin cikin gida take fitowa. Hukuma tana iya rufe ƙofar a kowane lokaci, kamar yadda aka yi a watan Afrilu 2018 sa'ad da aka dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, har da tamu ta Tsakiya.

Ƙananan dabbobi

Ga zabon daji da makwarwa da zomo da gyazbi, kalibar 12 mai ƙananan ƙwayoyi ita ce uwa ita ce uba. Haka nan ga 'yar ƙaramar gadar kurmi wadda nauyinta bai wuce kilo 4 zuwa 6 ba. Amma tana da iyaka. In tazara ta wuce mita 35 zuwa 40, ƙwayoyin sun riga sun watse, ƙarfinsu ya ragu, abin da za su yi kawai shi ne su raunata dabba ta gudu. Ko kartush ɗin nan mai manyan ƙwayoyi tara da ake ce wa sifiri biyu, ba a yi shi domin harbin nesa ba.

Ƙaramar .22 kuwa tana da arha, ba ta da ƙara, ba ta dukan kafaɗa, kuma ba ta ɓata nama. Wannan sauƙin nata ne ke yaudarar mutane har su ɗaga ta a kan mazo ko mariya. Gaskiya ne in an yi sa'a ta sami ƙwaƙwalwa dabba za ta faɗi, amma in ta kauce da faɗin yatsa biyu sai ta karya muƙamuƙi, dabbar ta tafi ta yi kwanaki ba ci ba sha kafin ta mutu. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, haka mariya ta fi ƙarfin .22.

Matsakaitan dabbobi

A nan ne gardama ta fi zafi, domin a nan ne zaɓi ya fi yawa. Namijin mazo yakan kai kilo 40 zuwa 80, namijin mariya wajen kilo 90, kanki ya haura 150, gwanki kuma yakan kusa 300.

.243, wadda kamfanin Winchester ya fitar a 1955, tana da sauƙin riƙo, ta dace da gada da batsiya da mazo, amma ƙwayarta ta giram 6 da rabi ta yi wa gwanki kaɗan. .270 ta 1925 tana tafiya miƙe a fili, ta dace da ƙasar Binuwai inda akan hangi dabba daga mita 150 ko 200. .30-06 ta 1906 da .308 ta 1952 su ne suka fi yaɗuwa a duniya. Akwai kuma 7x64 ta Jamus, wadda Wilhelm Brenneke ya ƙera a 1917. Dalilin da ya sa aka fi ganin wannan a hannun Faransawa shi ne, har zuwa 2013 dokar Faransa tana ɗaukar .308 da .30-06 a matsayin harsasan soja, sai maharbansu suka rungumi 7x64. A nan gida ma dokar 1994 ta hana farauta da makami ko harsashin da ke cikin kayan soja ko na 'yan sanda, don haka mai sha'awar .308, wadda 'yar'uwar harsashin soja ce mai lamba 7.62, ya yi tambaya tukuna.

In za a bi ta tamu, bambancin da ke tsakanin .270 da 7x64 da .30-06 bai kai yawan yawun da ake zubarwa a kansa ba. Mariyar da aka sama a bayan kafaɗa da kowace daga cikinsu ba za ta yi nisa ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wace ce za ka sami harsashinta ta halattacciyar hanya a Yawunde ko Duwala ko Garwa? Bindigar da babu kartush ɗinta a shago ƙarfen ado ce.

Manyan dawa

Ɓauna ce ke raba maharbi da mai riƙe da bindiga. Ta dajin Arewa takan kai kilo 500 ko fiye, fatarta da kauri, ƙashin kafaɗarta kamar turmi. Ga kuma ƙaton nan da Turawa ke kira eland na Derby, wanda babban namijinsa kan kusa tan guda, kuma shi ne ke jawo maharba daga Turai da Amurka zuwa filayen farautar da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro da Buba Njida, yawanci daga Disamba zuwa Mayu.

Ƙa'idar 1995 ta ce sai abin da ya haura milimita 9, kuma ba a banza ba. Biyu ne suka yi fice. 9.3x62, wadda Otto Bock ya ƙera a Berlin a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a ƙasashen Afirka da suka mallaka, Kamaru na ciki a lokacin. Sai .375 ta kamfanin Holland & Holland na Landan, ta 1912, wadda har gobe ita ce ma'aunin farautar Afirka. Manyan da suka fi su, irin .416 ta 1911 da .458 ta 1956, sun fi dacewa da jagororin farauta waɗanda aikinsu shi ne tsayar da dabbar da ta taso wa baƙo.

Masu gardama sukan kawo labarin Bell, Baturen nan ɗan ƙasar Sikotilan da ya kashe giwa fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da 'yar milimita 7. Labarin gaskiya ne. Amma mutumin ya yi shekaru yana tsaga kawunan giwaye domin sanin inda ƙwaƙwalwa take, kuma ya yi harbi dubbai. Wanda ke fita daji sau biyu a shekara bai kamata ya auna kansa da shi ba. Wanda kuwa ya watsa wa ɓauna ƙwayoyin kalibar 12, bai kashe ta ba, ya dai tsokane ta. Za ta shige ciyawa ta laɓe, in ba ta same shi ba ta sami manomi ko mace mai neman itace washegari.

Babba ma tana da nata aibin

Kada a ce tunda haka ne kowa ya sayi mafi girma. Babbar bindiga tana naushin kafaɗa, kuma wanda ta taɓa nausa yakan runtse ido ya fizgi kunama tun kafin harsashi ya fita, sai harbi ya tafi ciki ko cinya. Harsashin .270 a huhu ya fi na .458 a tumbi. Bugu da ƙari, ƙwaya mai gudu in ta sami ƙaramar dabba takan dagargaza kafaɗa biyu, rabin nama ya tafi a banza. Ga tsadar kartush, wadda ke hana mutum gwaji, alhali gwaji ne ke yin maharbi.

Wurin farauta ma yana da magana. A kurmin kudu da gabas, inda da ƙyar ake ganin mita 20, ana bukatar gajeriyar bindiga mai nauyin ƙwaya. A filin Arewa ana bukatar mai tafiya miƙe. Irin ƙwayar ma abin dubawa ne: mai kan dalma tana buɗewa a cikin jiki, ita ce ta dangin gada da gwanki, mai sulke kuwa tana ratsa ƙashi ba ta buɗe ba. Kuma a riƙa yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, domin ɓurɓushin dalma guba ne, musamman ga yara da masu juna biyu.

Kowa kuma ya san abin da ke bayan dabbar kafin ya ja kunama. Ƙwayar ƙaramar .22 tana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, ta manyan karabin kuwa kilomita 3 ko fiye. Ba a harbin motsin ganye. Daji ba shi da ƙyaure, akwai makiyaya da masu gona a ciki.

Ɓangaren addini

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin farauta tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an nuna cewa farauta domin wasa kawai makaruhi ce, domin abinci kuwa halal ce. Sharaɗi ne a ambaci sunan Allah lokacin harbi, makamin ya huda ya fitar da jini, kuma in an riski dabbar da sauran rai ba a huda makasarta ba, dole a yanka ta. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta tsakanin abin da makami ya huda da abin da ya buge kawai har ya mutu: na farko ana ci, na biyu ba a ci. Malaman baya kuma sun halatta abin da harsashi ya kashe saboda yana hudawa.

Ga inda maganar ta haɗu da zancenmu. Dabbar da aka raunata ta ɓace, ta kwana a daji, aka tsince ta washegari a mace, akwai saɓanin malamai a kan cin ta, kuma da yawa sun hana. Ashe ƙaramin harsashi ga babbar dabba ba asarar kartush kaɗai ba ne, hanya ce ta mayar da halal ya koma abin shakka. Sa'an nan addini ya umurce mu da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka. Dabbar da ke jan ƙafa kwana uku da dalma a ciki, ba a kyautata mata ba.

Bindigogin da ba su da wuri

Adakar kakanni tana da daraja a tarihi, amma dokar 1994 ta hana farauta da irinta, kamar yadda ta hana farautar dare da fitilar goshi, da harbi daga cikin mota, da kunna wa daji wuta domin koro dabbobi. Bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun famfo ko sandar sitiyari kuwa, in aka ɗura mata kartush na zamani tana iya fashewa a fuskar mai ita.

Bindigar yaƙi kuma ba ta farauta ba ce. Mun ga aikinta a farkon 2012, lokacin da mahaya dawakai ɗauke da Kalashnikov suka tsallako iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida cikin 'yan makonni, har sai da aka tura soja. Mun kuma ga yadda baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda Arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, aka neme ta a 2006 ba a sami ko ɗaya ba, aka bayyana ƙarewarta a 2011. Jikokinmu sai dai su gan ta a hoto.

Saboda haka, 'yan'uwa, in gardamar ta sake tashi a majalisa, kada a fara da tambayar wace bindiga ta fi ƙarfi. A fara da wace dabba, a wane daji, daga wace tazara, kuma da wace takarda a aljihu. Mai neman zabo da gyazbi, 12 ta ishe shi. Mai neman mariya da kanki, ya tsaya a wajen milimita 7 zuwa 8. Mai neman ɓauna, kada ya sauka ƙasa da 9.3, kuma kada ya tafi shi kaɗai. Wanda kuwa bai da takarda ko bai da lokacin gwaji, mahautanmu na Briketeri suna nan da naman sa mai kyau, ba kuma mai tambayarsa izini.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya ciyar da mu halal, ya bar wa na baya abin da za su gani a daji. Amin.